Binciken Gawa Bayan Rasuwa A Ɗakin Gobe-Da-Nisa: Ribarsa Ta Masu Rai Ce

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin jinya da jana'iza na ƙungiyarmu ya gabatar a taron wata-wata a nan Legas)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah mai rayarwa mai kashewa, wanda ya sanya wa kowane rai ajalinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama, da alayensa da sahabbansa.



Kwamitinmu ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan wani abu da Bahaushe ba ya son ko jin sunansa, wato binciken gawa, abin da ma'aikatan asibiti ke kira fosmotam. Ni ɗan kasuwa ne kamar yawancinku, amma aikin kwamiti ya sa ƙafata ta saba da barandar asibiti. Na zauna da likitoci na yi tambaya, na zauna gaban malamai na yi tambaya. Abin da na tattaro shi zan shimfiɗa muku, ku duba, ku taya.

Kowa a nan ya san yadda abin ke faruwa. Ɗan uwanmu ya kwana uku ko huɗu a ɗakin gobe-da-nisa, rai ya yi halinsa, likita ya fito ya ce, "Alhaji, ba mu tabbatar da abin da ya yi ajalinsa ba, ko za ku yarje mana mu duba?" Kafin ya rufe baki mun ce a'a, a ba mu gawarmu. Sau da yawa ba mu ma tsaya mun ji me zai duba ba, balle awa nawa zai ɗauka. To, roƙon da na zo da shi yau shi ne mu daina wannan a'a ta gaba ɗaya, mu riƙa tsayawa mu saurara, mu auna, sannan mu yanke.

Me ya sa ciwo ke ɓuya a wannan ɗaki

Ɗakin gobe-da-nisa, wanda a takarda ake rubuta ɗakin kulawa ta musamman, bai daɗe a duniya ba. Asalinsa a 1952 ne, lokacin da annobar shan inna ta faɗa wa birnin Kofanhagen na ƙasar Danmak. Mutane suka kasa numfashi, sai aka huda musu maƙogwaro aka sa bututu, ɗaliban likitanci suna matsa jakar iska da hannu dare da rana, wannan ya gaji wancan ya karɓa. Likitan da ya kawo dabarar, Dokta Ibsen, shi ya buɗe ɗaki na musamman domin irin waɗannan marasa lafiya a 1953. Daga nan abin ya bazu duniya.

Wanda bai sani ba zai ɗauka cewa a ɗakin da injuna suka fi yawa, nan ne aka fi sanin ciwon mutum. Abin ba haka yake ba, kuma dalilan a fili suke. Rabin aikin likita tambaya ce: ina ke maka ciwo, yaushe ya fara, me ka ci. To, wanda ke wannan ɗaki an sa masa bututu a maƙogwaro, an yi masa allurar barci, injin ke yi masa numfashi. Ba ya iya cewa ƙirjina, ba ya iya cewa cikina. Likita ya taɓa cikinsa ba zai ko yamutsa fuska ba. Na biyu, ba ciwo ɗaya ke damunsa ba. Ƙoda ta tsaya, huhu ya cika ruwa, jini ya sauka, duk a lokaci guda, wani ciwo ya ɓuya a bayan wani. Na uku, sau da yawa jikinsa ya yi raunin da ba za a iya tura shi ɗakin ɗaukar hoto ba, domin yana iya cikawa a hanya. Na huɗu kuma lokaci. Wani awa shida kawai zai yi a ɗakin, sakamakon gwajin jininsa ma sai bayan an binne shi zai fito.

Ashe ke nan likita na iya yin iyakar ƙoƙarinsa, da gaskiya da amana, amma abin da ya kashe mutum ya zama daban da abin da yake yi wa magani. Kuma ba yadda zai san haka in ba an duba ba.

'Yan uwanmu da ke harkar shanu a Oko-Oba sun fi kowa fahimtar wannan. Allah ya girmama ɗan Adam, ba ina haɗa shi da dabba ba ne, misali kawai nake bugawa. Sa ya tsaya ƙato, fata na sheƙi, dillalin da ya shekara talatin a kara ya rantse lafiyarsa lau. Sai an feɗe a tarar da hanta ta lalace ko huhu ya ruɓe. Kuma mahaucin da ke ganin ciki kullum, idonsa ya fi na wanda ke ganin waje kaɗai. Gani ya kori ji.

Abin da lissafi ya nuna

Mu 'yan kasuwa ne, lissafi muka yarda da shi, don haka ga lissafi.

A 1983 wani likita a Amurka, Dokta Goldman, shi da abokan aikinsa suka ɗauko takardun wani babban asibitin koyarwa na birnin Bostan. Suka ɗauki binciken gawa 100 na 1960, da 100 na 1970, da 100 na 1980, suka gwama abin da likitoci suka rubuta tun mutum yana raye da abin da aka tarar bayan ya mutu. A tsakanin waɗannan shekaru an samu sababbin injunan hoto masu ganin cikin mutum, kowa ya zaci kuskure zai ragu sosai. Amma a dukkan shekarun uku, kusan mutum 10 cikin 100 an tarar suna da wani babban ciwo da ba a gano ba, wanda da an gano shi da an canza magani, wataƙila kuma da sun tashi.

A 2012 likitocin jami'ar Johns Hopkins, nan ma a Amurka, suka tattara bincike 31 da aka yi a ɗakunan gobe-da-nisa na ƙasashe daban-daban, gawa 5,863. Suka tarar kashi 28 cikin 100 suna da aƙalla ciwo ɗaya da ya kuɓuce wa likitoci. Kashi 8 cikin 100 kuwa ciwon da ya kuɓuce babba ne, irin wanda ke iya zama shi ne sanadin mutuwar. Wato kusan mutum 1 cikin kowane 12. Jama'a, in da a rumfarka ne kowane buhu na 12 ya zo da abin da ba shi ka saya ba, ai ba za ka yi barci ba sai ka gano inda matsalar take.

Cututtukan da suka fi ɓuya guda huɗu ne: gudan jini da ke tasowa daga jijiyar ƙafa ya je ya toshe jijiyar huhu, da toshewar jijiyar zuciya, da ciwon huhu na nimoniya, da wata irin fumfuna da ke kama huhun wanda jikinsa ya yi rauni. Abin lura shi ne dukkansu suna da magani in an gane su da wuri.

Kada wani ya ce ai wannan zancen ƙasar Turawa ne. A birnin Maputo na ƙasar Mozambik an binciki gawar mata 139 da suka rasu a kan ciki ko haihuwa, aka buga sakamakon a 2009. Kusan kashi 40 cikin 100, abin da aka rubuta ya kashe su ya sha bamban da abin da aka tarar. In a inda kayan aiki suka wadata ana samun giɓi, to ina ga inda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar gwaji?

Abin da matattu suka koyar

Wani zai ce to an gano, sai me? Mutumin dai ya riga ya tafi. Gaskiya ne, ba zai dawo ba. Amma gadon da ya bari, gobe wani za a kwantar a kai, kuma wanda za a kwantar ɗin yana iya zama ɗanka ko matarka.

A 1847 a birnin Biyana na ƙasar Austiriya, mata na ta mutuwa da zazzaɓi bayan haihuwa a wani sashe na babban asibiti, an rasa dalili. Sai wani likita ya yanke a yatsa yana binciken gawa, ya kwanta ya mutu. Da abokinsa Dokta Semmelweis ya duba rahoton binciken gawarsa, sai ya ga irin ɓarnar da ake gani a jikin matan nan ce sak. Nan ya gane cewa hannun likitoci ne ke ɗauko cutar ya kai wa masu haihuwa. Ya kafa dokar wanke hannu da ruwan magani. Mutuwar da ta kai kusan kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu ta faɗo zuwa wajen kashi 2 cikin 'yan watanni. Wankin hannun da kuke ganin nas na yi yau, daga nan ya samo tushe.

A ƙasar Malawi an binciki gawar yara 31 da aka yi wa magani a kan zazzaɓin cizon sauro ya hau musu ƙwaƙwalwa. Sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna 7 daga cikinsu wani ciwo ne daban ya kashe su. Ƙwayar zazzaɓin na jininsu kam, amma ba ita ce ta sumar da su ba. Ta wannan aiki aka tabbatar cewa in likita ya haska bayan ƙwayar idon yaro, akwai alamun da ke bambance masa wanda zazzaɓin ya hau wa kai da wanda ya kamata a nemi wani ciwon.

Na kusa-kusa kuma shi ne korona. A farkon 2020 kowa ya ɗauka ciwon huhu ne kawai. Likitocin birnin Hambog na Jamus suka binciki gawa 12 na farko. A 7 daga ciki suka tarar da gudan jini a jijiyoyin ƙafa wanda ba wanda ya yi zatonsa, 4 kuma gudan jinin da ya toshe huhu ne ya kashe su kai tsaye. Wannan da ire-irensa suka sa asibitoci suka ƙara mai da hankali ga ba masu korona maganin tsinka jini. Iyalai 12 suka yi haƙuri, jama'a masu yawa suka amfana.

Ribar iyalin mamaci

Wannan ɓangare shi ya fi shafarmu mu mazauna baƙunta.

Na farko, zato. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, in mai ƙaramin shekaru ya mutu cikin kwana biyu, kafin a share makoki an fara raɗe-raɗi. Wannan ta ce kishiya ce, wancan ya ce abokin ciniki ne ya yi masa jifa, wani ya ce likitocin nan ba sa ƙaunar 'yan Arewa. 'Yan uwa da ke gida, da ba su ga jinya ba sai dai waya, sun fi kowa saurin yarda. Na ga wa da ƙane sun shekara takwas ba sa ga maciji a kan mutuwar da ba wanda ya san sanadinta.

Na kuma ga akasin haka. Matar wani maƙwabcina a kasuwa ta haihu ta hanyar tiyata a wani asibiti a nan garin. Kwana huɗu tana samun sauƙi, ranar na biyar ta miƙe za ta kewaya sai numfashi ya sarƙe. Aka kai ta gobe-da-nisa, kafin asuba ta cika. Mahaifiyarta ta iso daga gida da magana ɗaya a baki, wai uwargida ce. Mijin ya shawarci limaminmu, ya sa hannu a duba ƙirji kaɗai. Aka tarar da gudan jini ya taso daga ƙafa ya toshe huhu. Likita ya zaunar da tsohuwar, aka fassara mata dalla-dalla. Da la'asar ranar muka yi jana'iza. Yau uwargidan ce ke riƙon jaririyar. Ku duba abin da awa uku suka tsare.

Manya ma ba su tsira daga wannan ba. Janar Sani Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998, aka binne shi a Kano a ranar ba tare da binciken gawa ba, kuma har yau kowa da irin labarin da yake bayarwa. Bayan wata guda, ranar 7 ga Yuli, Cif Abiola ya rasu a tsare. Waɗanda ke garin nan a lokacin ba su manta abin da jita-jitar guba ta jawo wa 'yan Arewa a titunan Legas ba. Shi ma Musulmi ne, amma an jinkirta jana'izarsa har likitoci suka zo daga Amurka da Ingila da Kanada suka duba, suka ce ciwon zuciya ne da ya daɗe yana cin sa. Ba kowa ya gamsu ba, amma an samu takarda da sa hannun masana da za a nuna wa mai neman gaskiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma rashin sanin sanadin mutuwa babbar tsaga ce.

Na biyu, cuta mai yaɗuwa. Yadda muke kwana a shago da ɗakunan haya, mutum shida ko takwas a ɗaki ɗaya, in tarin fuka ne ko sanƙarau ko zazzaɓin Lassa ya kashe ɗaya, sauran na bukatar su sani tun da wuri. Masu wankan gawa su ma suna bukatar su sani, domin Lassa na kama mutum ta jini da ruwan jikin mamaci. An fara gane wannan zazzaɓi a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. A 1970 wata likita a Jos, Dokta Troup, ta yanke a yatsa tana binciken gawar wanda cutar ta kashe, ita ma ta kamu ta rasu. Na kawo wannan ne don mu san masu wannan aiki ba don marmari suke yi ba, da ransu suke shiga.

Na uku, ciwon gado. Akwai ciwon zuciya da ke bin jini a zuri'a, ya kayar da saurayi yana tsaye. In an gano shi a jikin uba, sai a auna 'ya'ya da ƙanne tun kafin ya yi musu sallama.

Me malamai suka ce

Na san duk abin da na faɗa ba zai shiga ba in addini ya hana, kuma haka ya kamata. Ga malamanmu a zaune, in na karkace su miƙe ni.

Abu biyu ke damunmu, kuma duka suna da tushe. An umurce mu da gaggauta jana'iza. Sannan akwai hadisin da ke cikin Abu Dawuda wanda ya daidaita laifin karya ƙashin mamaci da na mai rai. Alfarmar mutum ba ta ƙarewa da fitar ransa.

Amma tun da can malaman fiƙihu sun san akwai lalurar da ke sa a buɗe cikin mamaci. A Muhtasar na Shehu Halil, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, an kawo mas'alar wanda ya haɗiye dukiya mai yawa ya mutu, aka yarda a tsaga cikinsa a ciro. An kuma tattauna mas'alar matar da ta mutu da ɗa mai rai a cikinta. To jama'a, in an yarda saboda dukiya, rai da dukiya wanne ya fi?

Malaman wannan zamani sun zauna a kan mas'alar kanta. Majalisar manyan malamai ta Saudiyya a 1976 ta halatta binciken gawa domin gano gaskiya a shari'ar kisa, da kuma domin gano cututtukan annoba a ɗauki matakin kariya. A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta shi saboda dalilai uku: shari'a, da tabbatar da cuta domin rigakafi da magani, da koyar da likitanci. Suka gindaya sharuɗɗa, musamman a kan na koyarwa: a samu izinin mamacin tun yana raye ko na magadansa, a tsaya iyakar bukata, mace likita ta yi wa mace in akwai ta. Kuma a kowane hali a binne dukkan sassan jikin. Ashe ƙofar ba a rufe take ba, ba kuma a wangale take ba. Ƙofa ce mai mai gadi, kuma mai gadin shi ne lalura.

Kukanmu na gaskiya

Ba zan ɓoye ba, akwai abubuwan da suka sa muka tsani abin, kuma ba addini ba ne. An sha riƙe mana gawa kwana huɗu ko biyar a mutuware saboda likita bai zo ba, ko ranar Juma'a ta faɗo an shiga hutu. An sha cajin iyalin da jinya ta riga ta talauta. An sha yi a ƙi ba da sakamako. Ga kuma tsoron a cire wa mutum wani abu a sayar. A kan wannan na ƙarshe, likitoci sun bayyana cewa ƙodar wanda ya kwana a mace ba ta dasuwa a jikin kowa, ta riga ta lalace. Sauran ƙorafe-ƙorafen kuwa na gaske ne, amma maganinsu tsari ne da tsayawa a kan haƙƙi.

Ya kamata mu san binciken iri biyu ne. Akwai na hukuma. Dokar jihar Legas ta 2007 ta ba wani majistare da ake kira korona, ba korona ta ciwo ba, ikon ya sa a binciki mutuwar haɗari, ko kisa, ko ta hannun 'yan sanda da kurkuku, ko ta farat ɗaya da ba a san dalilinta ba. Musulmi da dama sun yi ƙorafi a kan dokar, amma in mutuwa ta faɗa ƙarƙashinta ba a neman izininmu, kuma hayaniya a bakin mutuware ƙara jinkiri kawai take yi. Akwai kuma na asibiti, wanda likita ke roƙa. Wannan sai da sa hannun iyali, kuma mai sa hannu na da ikon gindaya sharaɗi.

Aikin kansa awa 2 zuwa 4 ne. A gangar jiki ake buɗewa a ɗinke, ba a taɓa fuska. In ana bukatar duba ƙwaƙwalwa, ta cikin gashi ake bi. Ana iya wanka a sa likkafani yadda aka saba. 'Yan gutsattsarin da ake ɗiba don dubawa a madubin likita su ne ke ɗaukar makonni, amma gawa ba ta jiran su. Iyali na iya cewa ƙirji kaɗai, ko ciki kaɗai.

Akwai ma hanyoyin da suka fi sauƙi. Ɗaya ita ce ta allura: ba yanka, sai a soka allura a ɗebo ɗan abu daga hanta da huhu da jini da ruwan ƙashin baya. Wani shiri da aka kafa a 2015 domin gano abin da ke kashe ƙananan yara ya yi amfani da ita a ƙasashe da dama, har da Mali da Bangaladash inda Musulmi suka fi yawa. Ɗayar kuma ita ce a sa gawa a injin hoto, kamar yadda Musulmi da Yahudawan Ingila suka nema. Sai dai wani bincike a can a 2012, a kan gawa 182, ya nuna hoton na saɓa wa binciken hannu a kusan 1 cikin 3, kuma abin da ya fi kuɓuce masa shi ne gudan jini a huhu da ciwon zuciya, wato ainihin abubuwan da ke ɓuya a gobe-da-nisa. Don haka a tambayi likita wace hanya ce za ta amsa tambayar da yake da ita.

Shawarwarin kwamiti

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙon wannan taro ya amince da shi.

1. In likita ya nemi izini, mai jinya kada ya yanke hukunci shi kaɗai cikin ruɗewa. Ya kira ɗan kwamiti da liman, a yi wa likita tambaya huɗu: me kake zato, ina za ka buɗe, yaushe za ka gama, nawa ne kuma wa zai biya.

2. In an yarda, a rubuta sharuɗɗa a takardar sa hannu: iyakar wurin da za a duba, lokacin miƙa gawa, a mayar da komai cikin jiki ban da 'yan gutsattsarin gwaji, mace ta yi wa mace in da hali.

3. Shugabanninmu su kai ziyara ga hukumomin manyan asibitocin da muka fi zuwa, irin su na koyarwa da ke Idi-Araba da na Ikeja, a nemi fahimtar juna tun babu gawa a ƙasa, yadda za a riƙa gaggauta wa Musulmi.

4. A ware wani abu daga asusun jana'iza domin wannan, kada rashin kuɗi ya zama shi ne dalili.

5. A bi sawun sakamako har ya fito a rubuce, a samu ɗaya daga 'ya'yanmu da suka karanci aikin lafiya ya fassara wa iyali da Hausa, a kuma sanar da na gida.

6. Wanda ya saurara ya auna ya ce bai yarda ba, haƙƙinsa ne, kada kowa ya zarge shi. Wanda kuma ya yarda, kada a ce ya wulaƙanta mamacinsa.

Ba kowace mutuwa ke bukatar bincike ba. Dattijon da aka san ciwonsa shekara da shekaru, a yi masa sutura a kai shi makwancinsa. Maganarmu a kan wanda likita da kansa ya ce bai gane ba ce. Likitan da ya iya buɗe baki ya faɗi haka, mai gaskiya ne, ya cancanci a saurare shi.

'Yan uwa, ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan imaninmu ne. Amma Allah da ya sanya ajali shi ya sanya sababi, ya kuma umurce mu da neman magani, ya hana mu mummunan zato. Rashin sani ya fi dare duhu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. In tamu ta zo ya sa mu cika da imani.